Wa Ya Buɗe Fayil ɗin Madam Nkiruka?

Shafi na 14

Masu bina har ta waya kuna cewa na bar ku a rataye, to ga shi nan. Wanda ya san yana son Anti Vicky ya gyara zama, don yau ba zan rufa mata asiri ba.

Tun daga Sabon Tasha har Kamazou Rebecca tana cikin keke, wurin Anti Vicky ta nufa. Takardar tana cikin jakarta, ninki huɗu, ta rungume jakar a ƙirji kamar wani zai ƙwace. Layi ɗaya ne rak a jikin takardar, kuma ta haddace shi tun jiya: fayil ɗin Madam Nkiruka, Talatar makon jiya, ƙarfe goma da minti arba'in da biyu na safe. Wanda ya buɗe, Rebecca Daniel.

Sunanta ne, ita da ta hana ma'aikatan asibitin nan sakat da wa'azin sirri.

Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a kan tsare sirrin bayanan marasa lafiya. Juma'a da yamma da Asabar da safe tana aji, sauran kwanaki tana ofishin fayil na wani asibiti mai zaman kansa a Kakuri. Kafin ta fara karatun, lambar sirri ɗaya duk asibitin suke shiga kwamfuta da ita, an rubuta ta a jikin filasta an manna a ƙarƙashin tebur, har mai shara ta san ta. Rebecca ce ta ɓamɓare filastar, ta ba kowa tasa lambar, ta sa kwamfuta ta riƙa rubuta duk wanda ya buɗe fayil da mintin da ya buɗe. Nas-nas suka ji haushi suka laƙaba mata Madam Makulli, ita ko a jikinta. Wannan aikin shi ne firojet ɗinta, saura sati uku ta tsaya gaban malamanta ta kare shi.

Sai ga Madam Nkiruka jiya Juma'a. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana sayar wa makanikan Kakuri abinci. An yi mata gwaji a asibitin aka ga ciwon hanta, kafin ta samu bakin gaya wa mijinta Cyril maganar ta riga ta zagaye wayoyi, kafin sati kuma bakin mutane ya mayar da ita ƙanjamau. Ta shigo ofishin Dokta Benson, mai asibitin, da kular shinkafa cike fal, ta dire masa a kan tebur, ta ce su cinye tunda su suka kore mata masu ci. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da ya fi sauƙin kallo.

Dokta Benson ya ba Rebecca zuwa Litinin ta kawo masa suna. Ya ce ko wane ne, kora ce, kuma sai ya kai shi gaban hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi.

Ta shiga kwamfuta da ƙarfin gwiwarta, ta fito da sunan kanta.

Ba ta daɗe tana tunani ba ta tuna. Ranar Talatar nan Anti Vicky ta leƙo ofishinta a gurguje, ta ce ta manta lambarta kuma mara lafiya na jira, ɗan buɗe mini da taki 'yata. Anti Vicky yayar mahaifiyarta ce. Ita ta ɗauko ta daga Zonkwa tana 'yar shekara tara bayan an binne uwarta, ita ta sa ta makaranta, ita ta samo mata aikin nan. Shekara ashirin da shida tana nas a asibitin, saura wata bakwai ta ajiye aiki. Wace irin 'ya ce za ta dubi wannan matar ta ce mata doka ta hana? Rebecca ta buɗe, aka kira ta ɗakin magani, ta bar kujerar minti biyar. Da daddaren jiya kuma wata nas ta turo mata hoton saƙo daga gurup ɗin Zumuntar Mata na cocinsu, an yanke shi sama da ƙasa, layi ɗaya ya rage: "Na huɗu, mu tuna da Madam Nkiruka mai abinci ta Kakuri, an same ta da ciwon hanta." Sakatariyar Zumunta, mai rubuta roƙon addu'a duk mako, Anti Vicky ce.

Da Rebecca ta isa gidan, ta sami Anti Vicky a falo tana guga. An kawo wuta, ta shimfiɗa bargo a kan tebur tana goge zanen Zumunta da za ta ɗaura gobe, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ƙamshin gwaten acca ya cika gidan. Da ganin Rebecca ta washe baki, ta fara tambayar aji da hanya, ta ce ta ɗauko kwano tun da zafinsa.

Rebecca ba ta zauna ba. Ta warware takardar ta ajiye a kan zanen.

"Anti, karanta."

Anti Vicky ta jingine dutsen guga a tsaye, ta nemo tabarau, ta karanta a nutse kamar mai duba katin asibiti. Ta cire tabarau ɗin.

"To? Ai sunanki na gani."

"Sunana ne. Hannun waye?"

Wallahi da matar nan ta sunkuyar da kai a lokacin, da Rebecca ta huce rabi. Amma sai ta yi ɗan murmushi, irin na babba da ya kama yaro yana fushin banza, ta ce eh ita ta buɗe, kuma ba ta ga abin ɓoyewa ba. Wai ta ga Nkiruka zaune a bencin ɗakin gwaji ido ya yi ja, ta tambaye ta sau biyu ta ce babu komai. Ita kuwa ba za ta iya ganin mutum cikin wannan hali ta wuce ba, mace ce da ta sha ƙara mata nama ba ta roƙa ba. Sai ta duba don ta san abin da za ta roƙa mata a wurin Ubangiji.

"Ta ce miki babu komai," in ji Rebecca. "Sau biyu. Wannan ba amsa ba ce?"

"Mutum yana cikin ciwo ai ba ya sanin abin da yake so."

"Shi ne kika kai ta gaban mata ɗari da tamanin."

"Gaban Allah na kai ta."

"Allah yana cikin gurup ɗin ne, Anti?"

Fuskar Anti Vicky ta canza. Ta ce Rebecca ta iya bakinta, a gidan nan ba a wasa da sunan Ubangiji. Sannan ta shiga dogon bayanin da Rebecca ta san zai zo. Wai su a wurinsu ciwo ba na mutum ɗaya ba ne. Lokacin da uwar Rebecca take kwance a Zonkwa, su waye suke kai kunu, su waye suke wanke ta, su waye suka kwana suna waƙa a bakin gadonta? Matan Zumunta ne, kuma ba wanda ya nemi lambar sirri kafin ya taimaka. Yanzu an zo da karatun da ke koya wa yara su kulle ciwon ɗan'uwa a cikin kwamfuta ya mutu shi kaɗai.

Maganar ta taɓa Rebecca, don gaskiya ce, tana tuna matan nan da fararen ɗankwalayensu. Amma taɓawar ta ƙara mata wuta ne.

"Mama da bakinta ta aika aka kira su. Ina wurin. Nkiruka wa ta aika?"

Rebecca ta ci gaba.

"Kin san mijin Maman Derrick ta cikin gurup ɗinku makanike ne a Kakuri? Kin san tun ranar Alhamis ɗin makon jiya ko almakashi ba wanda ya aro a shagon matar nan, balle ya ci abincinta? Ciwon da ba a ɗaukarsa a kwanon shinkafa, ke nas ce kin fi ni sani. Yaranta biyu, an daina zama kusa da su a makaranta. Wannan ita ce addu'ar."

"Ni ciwon hanta na rubuta. Ban ce ƙanjamau ba."

"Kin buɗe ƙofa, kina cewa ba ke kika shigo da awaki ba."

Anti Vicky ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da goge gefen zanen da takardar ba ta rufe ba. Ta goge wuri ɗaya ya fi sau biyar. Can ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, me Benson ya ce. Rebecca ta gaya mata: Litinin, kora, hukuma. Hannun ya tsaya.

Abin da ya fito daga bakinta bayan nan shi ya fi komai ƙona wa Rebecca rai. Ta ce ai abin mai sauƙi ne, tunda Rebecca ce ta haɗa na'urar ita ce da makullin, ta shiga ta goge layin, a ce kwamfuta ta samu matsala ranar. Ta faɗe shi kamar mai cewa a rage gishiri a miya.

Rebecca ta yi wata dariya da babu daɗi a cikinta. Wata huɗu ta yi tana fama don kada kowa ya iya goge layi ko ɗaya, har ita kanta. Babi na uku na firojet ɗinta kenan gaba ɗaya. Malaminta Dokta Ibrahim sau uku yana dawo mata da shi da jan biro, yana cewa rajistar da mai ita zai iya gogewa ba rajista ba ce, allon yara ne. Yau ga wadda ta biya mata kuɗin fom ɗin shiga karatun tana cewa ta mayar da shi allon yara.

"Ba ya goguwa. Ko yana goguwa ba zan goge ba."

"To me kika zo yi? Kin zo ki kai ni ne?"

A nan ne muryar Rebecca ta sauka. Duk fushin da ta kwaso, da shawararta ta zo, ta yanke ta tun a cikin aji yau da safe, Dokta Ibrahim yana bayani ita ba ta jin ko kalma. Ta ce ranar Litinin za ta miƙa takardar yadda take. Sunanta ne a jiki, za ta ce ita ce, ba za ta ambaci kowa ba. Ta san abin da hakan yake nufi: aikin ya tafi, asibiti zai janye takardar izinin da ya ba ta na yin bincike, firojet ya mutu saura sati uku, kuma babu wanda zai sake ba wa Madam Makulli ajiyar sirrin ko da kaza ce. Ta yarda. Mace mai wata bakwai ta huta ba za a kore ta kamar ɓarauniya ba, ba a hannun 'yar da ta raina ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Gobe bayan sujada mu je Kakuri tare. Ki dubi Nkiruka ki ce kin yi kuskure. Ki rubuta a gurup cewa ba ki da izinin faɗa, kuma abin da ake yaɗawa ƙarya ne."

Kun ji fa. Yarinya ta ɗora shekara biyu na karatunta a kan tebur, ta ce a ba ta haƙuri ɗaya a madadinsa. Ni da nake ba ku labarin nan na ɗauka Anti Vicky za ta rungume ta.

Sai ta ja tsaki.

Ta ce ita Victoria, sakatariyar Zumunta shekara tara, ta je ta durƙusa a shagon abinci don ta yi wa mutum addu'a? Ta rubuta a gaban matan da take jagoranta cewa ta yi laifi? Gobe wa zai sake kawo mata damuwarsa? Ta ce Rebecca ta daina yi mata barazana da sadaukarwa, Benson yaronta ne, a gabanta ya fara aiki, in ta yi masa magana zai bar zancen. Nkiruka kuma ta yi haƙuri, mutane za su manta, wata rana ma sai ta gode.

"Kullum sirri, sirri, sirri. Me sirrin ya taɓa warkarwa? Ke da na sa ki a addu'ar, me ya same ki? Ba ga ki nan tsaye kina yi mini rashin kunya da ƙarfinki ba?"

Ta faɗa ne kafin ta ji abin da ta faɗa. Rebecca ta ga lokacin da ta ji, don bakinta ya ɗan buɗe ya tsaya a haka.

"Kika sa wa?"

"Ina nufin, kullum ai ina sa ki."

"Anti, fayil nawa kika buɗe ranar?"

Sai Rebecca ta tuna. Da ta shiga kwamfuta jiya, tambaya ɗaya ta yi mata: wa ya buɗe fayil ɗin Nkiruka. Ba ta tambaye ta me da me aka buɗe da sunan Rebecca Daniel a cikin minti biyar ɗin nan ba. Ga shi ita ma tana da fayil a asibitin. Wata guda da ya wuce ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu tana wanka. Ta ga likitar mata a ɓoye, aka ɗebi abin gwaji aka aika, har yau tana jiran sakamako. Ba ta gaya wa kowa ba, har Gideon da za su yi aure a Disamba. Ta ce sai ta san mene ne, ta zaunar da shi ta gaya masa da bakinta.

Wayar Anti Vicky tana kan hannun kujera tana caji. Rebecca ta riga ta kai hannu. Ba ta da wani makulli, matar da ta kasa riƙe lamba shida a asibiti ba za ta sa wa waya ba. Gurup ɗin ne a sama. Ta ja baya, ta ja baya, har Talatar makon jiya. Na ɗaya, masu tafiya. Na biyu, yara masu jarrabawa. Na uku, zaman lafiyar ƙasa. Na huɗu, Nkiruka.

Ta karanta na biyar a fili, muryarta ba ta ko rawa.

"Na biyar, mu roƙa wa wata ɗiyarmu da za ta yi aure a Disamba, an ga ƙari a ƙirjinta, Ubangiji ya narkar da shi."

A ƙasa an jera Amin ya fi sittin. Na uku daga sama, da hoton hannu biyu a haɗe, Maman Gideon ce.

"Ban sa suna ba," in ji Anti Vicky da sauri. "Duba da kyau. Saboda ke ban sa suna ba."

"Aure nawa za a ɗaura a cocinmu a Disamba?"

Ɗaya ne, kuma an riga an sanar da shi daga kan bagade. A zangon farko aka koya musu wannan a aji, cewa cire suna ba ɓoye mutum ba ne muddin ka bar abin da za a gane shi da shi. Rebecca ta ci tambayar a jarrabawa, maki goma cif. Ba ta taɓa zaton a jikinta za a yi mata misalin ba.

Sai abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi Maman Gideon ta riƙe hannunta a ƙofar coci ta ƙi saki, tana ce mata sannu, sannu 'yata, idonta ba a fuskarta yake ba. Matar fasto ta tashi ta ba ta kujera. Ranar Laraba Gideon ya kira, yana ta kewaye-kewaye, ya ce a ɗan dakata da buga katin biki tukuna, wai mai bugawar ya yi tafiya. Kwana goma sha ɗaya tana yawo a cikin mutane tana gaisawa tana dariya, ashe kowa rigarta yake kallo. Yanzu ta gane abin da ya hana Nkiruka kuka. Abin ya wuce kuka, ji take kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa an ce mata don ƙauna aka yi.

"Na ga sunanki a jerin marasa lafiya ranar nan, hankalina ya tashi," in ji Anti Vicky, yanzu hawaye ya zo. "Irin ciwon da ya ɗauke uwarki ne. Ki ɓoye mini? Ni?"

"Nawa ne, Anti. Jikina ne. Ni zan faɗa, ranar da na shirya, ga wanda na zaɓa."

"Na raine ki."

"Kin raine ni. Ba ki saye ni ba."

Wayar Rebecca ta fara ruri a cikin jaka. Dokta Benson. Ta ɗauka, ta sa a lasifika, ta ajiye a kan tebur tsakaninsu.

Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce Cyril mijin Nkiruka yana zaune a ofishinsa yanzu haka tare da lauya, sun ƙi tashi, maganar Litinin ta rushe. In ta samo sunan ta faɗa masa yanzu, biro na hannunsa.

Anti Vicky ta haɗa tafukanta biyu a ƙirji, tana girgiza kai, leɓɓanta suna cewa 'yata, 'yata, babu sauti. Ta manta cewa ta bar dutsen guga a kwance a kan zanen. Wani siririn hayaƙi ya fara tashi daga tsakiyar tambarin Zumunta, ƙauri ya danne ƙamshin gwaten, ba wadda ta motsa a cikinsu.

"Rebecca, kina jina? Akwai suna ko babu?"

Ta dubi matar da ta yi mata kitson farko na shiga makaranta. Ta dubi takardar.

"Akwai, Likita. Sunaye biyu ne. Fara rubuta nawa."